Wa ke tsaye a kan yaron da ƙarfe uku na dare?

Dakta Maryama:
Assalamu alaikum. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina roƙon likitocin tiyata da ke cikin wannan zaure su yi mini adalci wajen amsa ta. Ni likitar sashen gaggawa ce, kuma a shekarun da na yi ina karɓar yaran da mota ta buge, ko suka faɗo daga bene, ko wani abu mai nauyi ya danne su, na lura cewa yaron da aka kawo da ƙarfe goma na safe da wanda aka kawo da ƙarfe uku na dare kamar ba asibiti ɗaya suka zo ba, ko da yake ƙofa ɗaya suka shigo. Na safe yakan tarar da babban likitan tiyata a tsaye. Na dare kuwa ƙaramin likita yake tararwa, wanda zai duba, ya kira na sama da shi, shi ma ya duba, sannan a yi shawarar ko za a tashi babba daga barci. Tambayata ita ce: wajibi ne babban likitan tiyata ya kwana a cikin asibiti, ko kuwa ya wadatar ya kwana a gida da waya a kusa da kunnensa? Na san Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta shardanta wa manyan cibiyoyin kula da masu rauni cewa babban likitan tiyata ya iso gaban majinyaci mai mummunan rauni cikin minti 15 da isowarsa, a aƙalla kashi 80 cikin ɗari na kiran da aka yi, ƙananan cibiyoyi kuma an ba su minti 30. Ban ga yadda mutum zai farka, ya sa kaya, ya tuƙo mota a minti 15 ba, sai fa in an sanar da shi tun motar asibiti tana kan hanya.

Dakta Habibu:
Wa alaikumus salam, Dakta. Tunda da mu kike, bari in fara. Ina ganin akwai kuskure a yadda ake ɗaukar likitan tiyata kamar shi ne maganin komai. Mafi yawan yaran da aka kawo da rauni, har masu raunin da ke tayar da hankali, ba sa shiga ɗakin tiyata sam. Abin da ke kashe yaro a mintocin farko shi ne hanyar numfashi da ta toshe, ko iska da ta taru a ƙirji ta danne huhu, ko jini da ke zuba ba a tsayar da shi ba, kuma dukkan waɗannan likitan gaggawa da ya samu horo yana iya magance su kafin ni in nemo makullin mota. Wannan shi ne ma asalin kwas ɗin ATLS, na ceton mai mummunan rauni, da dukanmu muka yi. A shekarar 1976 wani likitan ƙashi mai suna James Styner ya faɗi da ƙaramin jirginsa a jihar Nebraska, matarsa ta rasu nan take, uku daga cikin 'ya'yansa huɗu suka ji mummunan rauni, kuma da ya kai su wani ƙaramin asibitin karkara sai ya ga ma'aikatan ba su san ta inda za su fara ba. Abin da ya fito daga wannan masifa shi ne tsarin da ke koya wa duk likitan da ya fara karɓar mai rauni abin da zai yi bi da bi, aka fara koyar da shi a 1978, kwalejin da kika ambata ta karɓe shi a 1980. Ku lura, darasin da aka ɗauka shi ne a horar da wanda ke bakin ƙofa.

Sannan akwai gajiya. Mutumin da ya kwana a asibiti ana tashinsa sau biyar saboda abin da bai kai ya kawo ba, shi ne kuma za a miƙa wa wuƙa da safe. Ni dai ba zan so a yi wa ɗana aiki da irin wannan hannu ba.

Dakta Zainab:
Dakta Habibu, gaskiya ne mafi yawansu ba a yi musu tiyata, amma wannan hujjar a wurina take, ba a wurinka ba. Ni tiyatar yara nake yi, kuma aikina mafi wuya a daren kira shi ne in tsaya a kan yaron da saifarsa ta fashe in ce kada a taɓa shi. Wannan hukunci ba ya yiwuwa ta waya, domin wanda ya ce a jira dole ya kasance shi ne zai buɗe cikin idan jiran bai yi ba, kuma dole ya kasance ya ga yaron da idonsa awa ɗaya da ta wuce don ya gane ko ya canja.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba a cikinmu. Jinin yaro ƙarami bai wuce kimanin mililita 80 a kowane kilo na nauyinsa ba. Yaro mai shekara huɗu da ke da kilo 15, duk jinin jikinsa kusan mililita 1,200 ne. Idan ya zubar da 360, abin da babba zai iya jurewa ba tare da wata damuwa ba, shi kashi 30 cikin ɗari na jininsa ya tafi. Abin da ke yaudarar mutane kuwa shi ne jijiyoyin yaro suna da ƙarfin tsukewa, zuciyarsa tana da ƙarfin ƙara gudu, saboda haka matsin jinin da ake aunawa a damtse zai ci gaba da nuna daidai har sai abu ya yi nisa. Kana ganin yaro yana kuka yana kiran mahaifiyarsa, lambobi a kan na'ura suna da kyau, sai dai zuciyarsa tana gudu, tafin ƙafarsa ya yi sanyi, idan ka danna farcensa jinin yana jinkirin dawowa. Lokacin da matsin jini zai faɗi, a ce ƙasa da 78 ga ɗan shekara huɗu bisa lissafin 70 da ninki biyu na shekarunsa, ƙarfin jikin ya riga ya ƙare, kuma daga nan faɗuwar ba ta da sannu. Ƙaramin likita da ya saba da manya zai kira ni ya ce yaron yana nan lafiya, kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya gani ya faɗa.

Game da saifa kuma, akwai tarihin da ya kamata a sani. A da, duk saifar da ta fashe cire ta ake yi. A 1952 likitoci biyu, King da Shumacker, suka ba da rahoton jarirai da suka kamu da mugun ciwon ƙwayoyin cuta a jini bayan an cire musu saifa, aka fara gane cewa wannan gaɓa tana kare yaro daga cutar da kan kashe shi cikin sa'o'i. A 1968 likitocin asibitin yara na Toronto a Kanada suka nuna cewa saifar yaro tana iya warkewa da kanta idan aka kwantar da shi aka sa masa ido. Yau a cibiyoyin yara fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan rauni ana jinyarsa ba tare da wuƙa ba. An kuma sha nunawa cewa yaron da ya faɗa hannun asibitin da bai saba da yara ba ya fi fuskantar a cire masa saifa. Wato rashin wanda ya ƙware yana cutarwa ta fuska biyu: ko a makara wajen yin aikin da ya zama dole, ko a yi gaggawar yin wanda bai kamata ba.

Malam Nuhu:
Ni ba likita ba ne, ku yi haƙuri da shigata cikin maganar manya, amma abin da Dakta Zainab ta kwatanta na gan shi a kan ɗana. Yana da shekara tara, ya faɗi da keke, kan keken ya soke shi a ciki ta gefen hagu. Da ƙafarsa ya shigo gida, babu jini, babu karaya, sai wani ɗan jan tabo zagayayye ƙasa da haƙarƙari. Sai da dare ya yi ya fara cewa kafaɗarsa ta hagu tana ciwo, abin da ya ɗaure mana kai domin ba a kafaɗa ya bugu ba. Muka isa wani asibiti wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Likitan da ya karɓe mu matashi ne mai ladabi, ya auna shi, ya ce lambobinsa suna da kyau, aka sa masa ƙarin ruwa. Akwai agogo a bangon ɗakin, kuma ba na jin zan manta da shi, domin shi na riƙa kallo. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta riƙa dawowa tana kama yatsun ƙafarsa, tana ja masa fatar ido tana dubawa, kuma na ji da kunnena tana ce wa likitan sau biyu a kira babba. Ba a kira shi ba sai ƙarfe biyu da rabi, lokacin da yaron ya daina kuka ya fara lumshe ido. Da babban ya zo, bai yi minti biyar yana taɓa cikin ba ya ce a kawo jini, a shirya ɗakin tiyata. An cire saifar. Yaron yana raye, alhamdu lillahi, an yi masa alluran rigakafi na musamman, kuma har yau duk zazzaɓin da ya kama shi ba ma kwana da shi a gida.

Abin da nake so in sani, kuma ba don in zargi kowa ba, shi ne: da babban yana cikin asibitin tun ƙarfe goma sha ɗaya, da ɗana yana da saifarsa yau?

Dakta Zainab:
Allah ya ƙara masa lafiya, Malam Nuhu. Ba zan iya ce maka e ko a'a ba tare da na ga takardunsa ba, kuma akwai saifar da ko a gaban wa ta fashe sai an cire ta. Amma ciwon kafaɗar nan alama ce sananniya ta jini da ya taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, kuma tabon kan keke a cikin yaro abu ne da ke sa mu miƙe tsaye. Da an haɗa waɗannan biyun da wuri, da an yi sikanin, an tanadi jini, an fara ƙara masa tun bai galabaita ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan da gaskiya.

Sista Ladi:
Malam Nuhu ya taɓo inda yake yi mana ƙaiƙayi. Ku lura a labarinsa babban likita yana nan, waya tana aiki, kuma da aka kira shi ya zo. Awa uku da rabi da aka rasa ba a kan hanya aka rasa su ba, a cikin tsoron kira aka rasa su. Na yi shekaru a ɗakin gaggawa, kuma na ga ƙaramin likita yana riƙe da waya yana juya ta a hannu, domin wancan karon da ya kira an yi masa tsawa an ce don wannan ɗan abin ya tashe mutane. Ko da babban ya kwana a ɗakin da ke ƙarshen baranda, idan ƙwanƙwasa ƙofarsa sai an yi shahada, to bambancinsa da na gida kaɗan ne. Abin da ke gyara wannan shi ne a rubuta sharuɗɗa a manna a bango: yaro mai alamu kaza da kaza, ana kiran kowa a lokaci guda, kuma ma'aikaciyar jinya tana da ikon yin kiran ba sai ta nemi izini ba. Idan an kira aka tarar ba komai, a yi godiya a koma barci.

Ina kuma so likitoci su sani cewa sau da yawa kafin ku iso mu wani yaƙin muke yi. Jijiyar yaron da ya zubar da jini ɓacewa take yi, sai a yi ta suka ba a samu ba, alhali allurar da ake kafawa a ƙashin ƙwauri tana buɗe hanya cikin minti ɗaya ko biyu in akwai ta a aljihun tebur kuma an koya wa mutane. Maganin yaro da nauyinsa ake lissafa shi, kuma ba a ɗora yaron da mota ta buge a kan sikeli, shi ya sa aka ƙirƙiro tef ɗin Broselow mai launuka da ake shimfiɗawa daga kai zuwa diddige a karanta nauyi da girman bututu. Na taɓa zama a daren da aka juye akwati uku ana neman bututun numfashi daidai maƙogwaron ɗan shekara biyu.

Auwalu:
Ni a ɓangaren ƙididdigar lafiya nake, kuma ina so in ja hankalinmu kan abin da lambobi za su iya faɗa. An yi bincike da dama da ke kwatanta asibitocin da babban likitan tiyata ke kwana a ciki da waɗanda ake kiransa daga gida, kuma sakamakon bai zo baki ɗaya ba: wasu sun ga raguwar mace-mace, wasu sun ga an dai rage jinkirin shiga ɗakin tiyata amma adadin masu mutuwa bai motsa ba. Dalilin wannan saɓani ba ɓoyayye ba ne. Asibitin da ke da halin ajiye babban likita dare da rana shi ne kuma mai bankin jini da ba ya rufewa, da na'urar hoton CT, da sashen kulawa ta musamman na yara, saboda haka da wuya a ware tasirin mutum ɗaya daga na gidan da yake ciki. Ta ɗaya gefen kuma, irin wannan asibiti ne ake tura wa yaran da suka fi jin jiki, abin da kan sa lambobinsa su yi muni fiye da aikinsa. Ga kuma cewa mutuwar yara bayan rauni, idan aka kwatanta da ta manya, ba ta da yawa a kowane asibiti guda, don haka sai an tara dubban majinyata kafin a ga bambancin da ba sa'a ce ta kawo shi ba.

Abin da ya fi fitowa fili shi ne abin da Sista Ladi ta faɗa. A Amurka akwai ma'aunin shirin sashen gaggawa don karɓar yara, wanda ke duba kayan aiki masu girman yara, da rubutattun ƙa'idoji, da horon ma'aikata, da ko akwai likita da ma'aikacin jinya da aka ɗora wa alhakin kula da sha'anin yara. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda ya shafi jihohi 11, ya nuna cewa yaran da suka ji rauni kuma aka kai su sassan da suka fi kowa shiri, haɗarin mutuwarsu ya yi ƙasa da kusan kashi 60 cikin ɗari idan aka kwatanta da na sassan da suka fi rauni a shiri. Mafi yawan abubuwan da ke cikin ma'aunin nan ba su da alaƙa da inda likitan tiyata ya kwana.

Dakta Maryama:
Malam Auwalu, na karɓi wannan, amma adadin masu mutuwa ba shi kaɗai ne sakamako ba. Ɗan Malam Nuhu a cikin lissafinku yana layin waɗanda suka tsira.

Auwalu:
Wannan gaskiya ne, Dakta, kuma rauni ne a yawancin rajistocinmu. Saifar da aka rasa, da ƙafar da ta gajarce saboda karaya ta taɓa wurin da ƙashi ke tsiro, da yaron da ya koma makaranta amma ya kasa riƙe karatu bayan bugun kai, waɗannan ba kasafai ake bin su ba bayan an sallami majinyaci.

Alhaji Garba:
Na yi shekaru ina tsara jadawalin ma'aikata a asibiti kafin in yi ritaya, don haka bari in kawo muku lissafin da ba a son ji. Mako ɗaya awa 168 ne. Idan aka bi dokar Tarayyar Turai ta awa 48 a mako, kujera ɗaya tak da ake so kada ta zama babu kowa tana cin mutum uku da rabi, kafin a cire hutun shekara, da rashin lafiya, da zuwa kwas, da kuma cewa waɗannan mutanen suna da asibitin rana da ayyukan da aka tsara. A aikace sai ka tanadi shida ko fiye. Ko a Amurka, inda aka ƙayyade wa likitoci masu neman ƙwarewa awa 80 a mako tun 2003, asibitoci sun sha wuya wajen cike gurbin da dokar ta buɗe. To idan likitocin tiyatar yara biyu gare ka, ko ɗaya, ko babu, maganar su kwana a asibiti kullum ba ta ma taso ba. Wanda ya rubuta sunan mutum ɗaya a jadawali dare talatin a jere ya cika takarda ne kawai.

Abin da Ingila ta yi ya fi kama hankalina. Wani rahoto na 2007 ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na masu mummunan rauni da aka duba ba su sami kulawar da ta kai mizani ba, kuma rashin manyan likitoci da dare yana cikin abin da aka nuna da yatsa. Ba su ce kowane asibiti ya ajiye ƙwararru ba. Sun zaɓi 'yan manyan cibiyoyi, Landan ta fara a 2010, sauran ƙasar a 2012, aka tara ƙwararrun a can, aka umarci motocin asibiti su wuce ƙananan asibitoci da mai mummunan rauni in tafiyar ba ta yi nisa ba. Bayan 'yan shekaru aka auna aka ga yiwuwar tsira ta ƙaru da kusan kashi 19 cikin ɗari.

Dakta Habibu:
Ranka ya daɗe, ka faɗi abin da na kasa tsarawa. Hannu da aiki yake kaifi, kuma likitan da ke ganin yaro mai fashewar hanta sau ɗaya a shekara biyu ba zai yi daidai da mai gani duk wata ba, ko a ina ya kwana. Sista Ladi kuma, maganarki ta shige ni. Ba zan rantse cewa ban taɓa amsa waya da muryar da za ta hana ƙaramin likita sake kirana ba.

Dakta Zainab:
Tsarin Ingila yana aiki ne inda tafiyar minti arba'in ko awa ɗaya za ta kai ka babbar cibiya, da motar da ke da ma'aikaci da iskar oksijin a ciki. Mafi yawan yaran duniya ba a irin wannan wuri suke jin rauni ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2008 ya ƙiyasta cewa yara kusan 950,000 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar rauni, mafi rinjayensu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kwamitin mujallar Lancet na 2015 ya ce mutum biliyan 5 ba sa iya samun tiyata mai aminci a lokacin da suke buƙata. Akwai kuma raunin da ba ya jiran mota. Yaron da ya bugu a gefen kai, ya suma, ya farfaɗo yana magana, sannan bayan awa ɗaya ko biyu ya fara amai yana nutsewa, ƙwayar idonsa ɗaya ta buɗe, wannan jini ne ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa. Idan aka buɗe aka kwashe shi da wuri yaron yakan tashi garau, idan aka sa shi a hanyar awa huɗu sau da yawa gawa ake saukewa. A irin wannan wuri tambayar ita ce ko likitan tiyata na gama-gari da ke kusa an koya masa ya huda ƙoƙon kai, kuma ko akwai ƙwararren da zai ɗaga waya ya bi da shi. Mozambik ta fara horar da ma'aikatan da ba likitoci ba su yi tiyatar gaggawa tun 1984, Malawi kuma ta daɗe tana dogara da irinsu wajen gyaran karaya. Ina da 'yan damuwoyi game da yadda ake sa musu ido, musamman a kan ƙananan yara, amma ban ga wanda ya kawo abin da ya fi shi ba a inda babu kowa.

Malam Yakubu:
Tun ɗazu nake karantawa ina jiran wani ya tuna da mu masu sa barci, ba a tuna ba, kamar yadda aka saba. Likitan tiyata yana iya kwana a bakin ƙofar ɗakin tiyata, amma ba zai yanka ba sai na zo, kuma sa wa yaron da jininsa ya zube barci shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari, domin maganin yana sakin jijiyoyin da suka tsuke suna riƙe da ransa. Harshen yaro babba ne a bakinsa, maƙogwaronsa gajere, iskar da ke huhunsa ba ta daɗewa, saboda haka daƙiƙun da nake da su in sa bututu ba su kai na babba ba. Ga sanyi: an yanke masa tufafi, an ɗura masa ruwa mai sanyi, fatarsa tana da faɗi a kan nauyinsa, kuma jinin da ya huce ba ya daskarewa yadda ya kamata, sai zubar ta ƙaru. Shi ya sa yanzu ake cewa bayan ruwa na farko, mililita 20 a kowane kilo, a koma jini da wuri, a kuma ɗumama shi. Kwamitin Lancet da Dakta Zainab ta ambata bai ƙirga likitocin tiyata su kaɗai ba, ya haɗa su da masu sa barci da likitocin haihuwa ya ce a nemi aƙalla 20 ga kowane mutum 100,000. Don haka in za a yi dokar minti 15, a yi ta a kan mu duka, har da mai buɗe bankin jini da ma'aikatan ɗakin tiyata.

Dakta Maryama:
Malam Yakubu, ka yi gaskiya, a yafe mana. Na shigo da tambaya ɗaya, ga shi kun raba mini ita gida huɗu. Abin da zan kai wa shugabannin sashenmu shi ne mu fara rubuta lokuta huɗu a kan kowane yaro mai mummunan rauni: lokacin da ya shigo, lokacin da aka yi kira, lokacin da babban likitan tiyata ya taɓa shi da hannu, da lokacin da jakar jini ta farko ta fara shiga ko aka fara aiki. Bayan wata shida za mu ga a wane tsakani mintocin ke zubewa. Idan tsakanin kira da isowa ne, to zan dawo wa Dakta Habibu da maganar kwana a asibiti, kuma wannan karon da takarda a hannu.

Dakta Habibu:
Na yarda, da sharaɗi ɗaya: kada wanda ake aunawa ya zama shi ne mai rubuta lokacin. Mu likitoci idan aka bar mu da biro, kowa cikin minti goma ya iso.

Sista Ladi:
Mu za mu rubuta, Dakta, dama agogon a gabanmu yake. Sai dai a ƙara layi na biyar, lokacin da ma'aikaciyar jinya ta fara cewa a kira, domin a labarin Malam Nuhu wannan lokacin da na kiran kansa ba ɗaya ba ne.

Malam Nuhu:
Wajen sha biyu saura ne ta fara faɗa, Sista. Ina kallon agogon.